Famfon da Na Yi wa Dariya

Tarauni, Kano.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Halifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, duk da cewa tsakanin ɗakina da naka ba wani nisa, har ina jin motsinka yanzu kana jan akwati. Allah Ya kai ka inda aka tura ka lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mutane. Ya kuma kare mutane daga sharrinka, domin daga jibi kai ma ka shiga sahun waɗanda in sun ƙwanƙwasa ƙofa gaban masu gida yake faɗuwa.

Na san za ka yi mamaki. Mutumin da ya tsufa a gaban makirfo, ya yi magana da bakin Indiyawa da Sinawa da Turawa, maza da mata, har da aljanu, yau shi ne ya kasa kiran ɗansa ya ce masa zauna. Dalilina biyu ne. Na farko, kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci, ni kuwa an rene ni a gidan da uba ba ya zama ya baje da ɗan farinsa. Na biyu, kuma shi ne na gaskiya, in na buɗe baki ba na rufewa. Da na kira ka, da sai in yi ta zuba har a kira magariba, kai kuma ka tashi ba ka sami inda za ka saka kalma ɗaya ba. A takarda aƙalla kana iya ajiye ni ka je ka sha ruwa.

Ga abin da ke tsakaninmu, gara in faɗe shi tun da wuri. Tun ranar da ka gaya mana ka shiga aikin ɗan sanda, ɓangaren bincike, ban sa maka albarka ba. Ka tafi horo ba tare da ita ba, ka dawo, muna gaisawa da safe kamar maƙwabta. Ka sani, na sani, Ummanka ma ta sani kuma ba ta bari na manta ba ko na yini ɗaya. Yanzu an tura ka jiha mai nisa, Asabar za ka hau mota, kuma ba na so ka hau ta a haka. Amma kafin in kai can sai na bi ta kan wani fim, domin ni duk abin da na sani a duniya, na kirki da na banza, a fim na tsince shi.

Ka san situdiyonmu na Gyaɗi-Gyaɗi, saman shagon tela, inda muka manna kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar titi ta shigo. A shekarun da kake sakandare, masu fassarar finafinan Indiya sun yi yawa a garin nan, kowa ya sami kwamfuta sai ya zama mai fassara. Ɗanlami, abokin aikina mai haɗa sauti, shi ya ce mu nemi abin da ba kowa ke yi ba. Ya zo da wasu finafinan bincike da aka gina labarinsu a ƙasashen da suka yi mulkin gurguzu, inda gida na gwamnati ne, gona ta gwamnati ce, burodin da za ka ci ma sai ka bi layin shagon gwamnati, kuma wanda ya soki gwamnati ba a sake ganinsa. Ba waƙa, ba rawa, ba hasken rana. Kowa cikin kwat mai launin toka, kowa fuska a ɗaure.

Wanda ya zame mini ƙarfen ƙafa labarinsa mai sauƙi ne. An tsinci gawar wata mata mai aiki a shagon burodi a kan matattakalar wani dogon bene da iyalai da yawa ke zaune a ciki. Aka turo wani ɗan sandan ciki, mutum mai alamar gajiya, ya riƙa bi ƙofa ƙofa. Kowa ya buɗe sai ya dube shi ya ce bai ga komai ba. Daga nan sai shiru, irin dogon shirun da har za ka duba ko lasifika ce ta mutu.

To a sana'armu shiru abin kunya ne. Mai kallo in ya ji shiru, cewa zai yi faifan ya lalace, ko kuma mai fassara ya kai inda Turancinsa ya ƙare. Ni dai rubutun Turancin da ke ƙasan hoto nake bi, in ya tsaya sai in ci gaba da nawa. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa ta yi tsaye ba ta ce uffan ba, na sa mata a baki, “Malam, ka zo bincike ko goro ba ka riƙo mana ba?” Sai inda ɗan sandan ya koma gida. Matarsa ta ja hannunsa zuwa banɗaki, ta buɗe famfo har ƙarshe, ruwa na ta zuba, suka haɗa kai suna raɗa. Ba a jin abin da suke cewa, rubutun ma bai fito ba. Nan na ga fili. Na ce, “Kai jama'a, ku dubi almubazzaranci! Da a Tarauni suke, da sun yini suna leƙen mai kurar ruwa, da sun san darajar jarka ɗaya.” Na kuma sa matar tana yi masa faɗa a kan warin safarsa. Da aka nuna kashi na ɗaya a gidan kallon da ke bayan kasuwar Tarauni, samari har faɗowa suke daga benci. Na dawo gida ranar kaina ya kumbura.

Ba a jima ba wani dattijo ya hawo matattakalarmu yana dogara sanda. Injiniya Haruna ne na Darmanawa, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, wanda a ƙuruciyarsa aka tura shi karatu ɗaya daga cikin ƙasashen nan. Jikansa ne ya kai masa faifan don ya ji an ce labarin can ne. Na ba shi kujera, na gyara zama ina jiran yabo.

Ya ce, “Kai ne mai maganar nan?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Ka iya magana, tubarkalla. Kallo ne ba ka iya ba. Ka san abin da ya sa ta buɗe famfon nan?”

Na ce ai Turawa ne, ruwa bai dame su ba.

Ya girgiza kai. Ya ce, “Ana dasa na'urar sauraro a bango, yaro. Ƙarar ruwan ce ke rufe maganarsu. Matar nan ba safa take yi wa faɗa ba, roƙonsa take ya bar binciken kafin a zo a tafi da su duka. Ni na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan ƙasar a makaranta. In yana so ya tambaye ni labarin gida sai ya buɗe famfo tukuna, sannan ya ce, wai da gaske ne a garinku mutum zai zagi gwamnati a kasuwa ya koma gida ya kwana? Muka tafi hutu muka dawo, na tarar da wani a kan gadonsa. Ba wanda ya ambaci sunansa. Ni ma ban tambaya ba.” Sannan ya ce, “Har yau in na ji famfo na zuba ba kowa a wurin, sai gabana ya faɗi.”

Ka san wanzami ba ya son jarfa. Maimakon in yi shiru, sai na ce, “Baba, ai nishaɗi ne kawai.” Ya ce, “To, Allah Ya ba da kasuwa,” ya sauka abinsa a hankali. Bayan tafiyarsa na ce wa Ɗanlami ya mayar mini da fim ɗin daga farko, ya cire muryata. Karo na farko ke nan da na kalli fim bakina a rufe. Sai ga shi na ga hannun tsohuwar nan yana rawa a kan marfin ƙofa, na ga idonta yana satar kallon ƙofar maƙwabcinta da ke ɗan buɗe. Ashe ta ga komai, kuma tana so ta faɗa. Duk yana nan a hoton, ni ne na zauna a kansa da surutu.

Saboda haka abu na farko, Halifa. Za ka tsaya a ƙofofi da yawa, kuma mutane za su yi maka shiru. Kada ka cike musu. Kada ka ce ya yi shiru don yana da laifi, domin mai laifi da mai tsoro kamarsu ɗaya a ido, kuma masu tsoron sun fi yawa nesa ba kusa ba. In mutum ya ƙi magana, ka tambayi kanka wa yake tsoro, kuma ka fara lissafin da kanka, tunda kai ne tsaye a gabansa da kaki. Ka duba hannunsa, ka duba inda idonsa ke zuwa. Wanda ba zai yi magana a ƙofar gida gaban maƙwabta ba, wataƙila ya yi ta in ka same shi a gona shi kaɗai. Kuma in wani ya faɗa maka abu a asirce, ka sani wuyansa ya ɗora a hannunka, kada ka mayar da shi labarin shan shayi a ofis.

Kallon nan da na yi bakina a rufe shi ya tono mini kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Ka san yadda muke aiki: muna raba fim gida biyu, mu fassara kashi na ɗaya mu sake shi kasuwa tun ba mu kalli na biyu ba, don kada wani ya riga mu. Kuma mutanenmu ba sa haƙuri, tun fim bai yi nisa ba suke so a gaya musu wane ne akta, wane ne bos. A ƙasan benen nan akwai wani tsoho mai zuba gawayi a tukunyar da ke ɗumama gidan. Fuskarsa baƙa ƙirin da ƙurar gawayi, ido ɗaya a shanye, ga shi da shan giya, ba ya gaida kowa. Ina ganinsa na ce na sami bos. Na ba shi muryar nan tawa ta maƙogwaro da kuke tsoro kuna yara, na raɗa masa suna Na-Gawayi, na yi masa muguwar dariyar da babu ita a fim ɗin. Duk inda ya wuce shiru sai in sa ya ce, “Saura ku.” A ƙarshen kashi na ɗaya aka kama shi, aka shiga da shi wani ɗaki ana duka. A gidan kallo samari suka tashi tsaye suna tafi suna cewa a ƙara masa.

A kashi na biyu na gane bai kashe kowa ba. Ya amsa laifin ne bayan duka, da kuma bayan an gaya masa za a kori 'yarsa daga makaranta. Wanda ya yi kisan wani mutum ne mai fara'a da laktaye, shugaban mazauna benen, mai taimaka wa tsofaffi da ɗaukar kaya, wanda kuma shi ne ke kai rahoton maƙwabtansa wurin 'yan leƙen asiri. Matar da aka kashe ce ta gano yana karkatar da burodin jama'a. Shi kuwa wannan na ba shi murya mai sanyi irin ta mutumin kirki, har ina sa masa “Allah Ya yi albarka” a baki. Wallahi ranar na ji kunya ƙwarai, kuma na ji tausayin tsohon nan kamar mutum ne na gaske. Na san ɗan wasa ne, an biya shi, ya wanke fuskarsa ya tafi gida. Amma tafin da samarin nan suka yi na gaske ne, kuma ni na koya musu shi.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai a wannan na saɓa da su, ko kuwa in ce karin maganar ta masoya ce, ba ta mai bincike ba. Kada ka ba mutum murya kafin ka kai ƙarshen labarinsa. A duk unguwar da za ka je akwai Na-Gawayinta: wani mai tabo a fuska, wani baƙo da ba a san asalinsa ba, wani ɗan adaidaita da ya taɓa shan ƙwaya. In abu ya faru, sunansa za a fara kawo maka, kuma za ka ji daɗin karɓa domin ya sauƙaƙa maka aiki. To a nan ne za ka ja birki. Ka ci gaba da bincike kamar ba a ba ka sunan kowa ba. Shi kuma mai fara'ar da ya tare ka da ruwan sanyi yana nuna maka hanya, ka sha ruwansa ka gode, amma shi ma ka tambaye shi inda yake a lokacin.

Sannan ina roƙonka, don Allah, kada hannunka ya taɓa wanda ke tsare a wurinka. Mutum in ya sha wuya zai amsa cewa shi ya saci kasuwar Tarauni da rumfunanta. Amsar da aka samu da duka ba ta gaya maka komai sai cewa dukan ya yi zafi, kuma wanda ya yi laifin yana can yana barci.

Da a ce ina da hankali, da daga nan na daina. Amma saura ƙarshen fim ɗin, kuma a nan ne ka shigo. Ɗan sandan ya gano gaskiya, ya kai wa babbansa. Babban ya zuba masa shayi, ya ce an rufe magana, tsoho ya riga ya amsa, ga bikin ƙasa na tafe ba a son hayaniya, mai laktayen kuma mutum ne mai amfani. Aka harbe tsohon. Ɗan sandan kuma aka tura shi wani ƙauyen masu saran itace can cikin dusar ƙanƙara. Hoto na ƙarshe, suna haɗa kaya, matarsa ta ja shi banɗaki ta buɗe famfo kamar kullum. Sai ya miƙa hannu ya rufe famfon, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya faɗi sunan tsohon da ƙarfi, ya ce bai kashe kowa ba. Shi ke nan, fim ya ƙare.

Ɗanlami ya dafe kai ya ce, “Oga, wallahi in muka bar shi haka za a dawo mana da faifan nan. Wa zai kalli fim a Kano bos bai mutu ba?” Ni ma na san haka ne. Sai na jira inda sunaye ke hawa, na sa muryar mai ba da labari na ce bayan 'yan kwanaki asirin mai laktaye ya tonu, aka kama shi aka rataye, aka dawo da jarumi aka ƙara masa girma, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Na rufe da karin magana don ƙaryata ta zauna daram. Faifan kuwa ya karɓu.

Abin da ban sani ba shi ne, ran wata Asabar da ka kawo mini abinci situdiyo ina waje, ka zauna ka kalli na asalin a kwamfuta. Da dare a gida, da muka zauna cin tuwo, sai ka ce, “Baba, ai ba a kama shi ba.” Kai da sai a yini ba a ji muryarka ba. Na ce, “A can ne ba a kama shi ba. A Kano an kama shi.” Ƙannenka suka fashe da dariya, Ummanka ma ta murmusa. Kai ba ka yi ba. Ka ce, “To tsohon fa?” Sai na ce miyar ta yi gishiri, na karkatar da zancen. Na ga lokacin da ka sunkuyar da kai ka ci gaba da cin abincinka.

Nasihata a nan ba zan yi mata ado ba, don na san ta fi sauran wuya. Wata rana wani zai so ka rubuta masa ƙarshen da yake so. Yana iya zama na sama da kai, yana iya zama mai kuɗin gari, yana iya zama taron jama'a a bakin ofis suna ihu a ba su mutum, har ma dangin wanda aka zalunta, waɗanda ke so a kama kowa dai don zuciyarsu ta yi sanyi. Ba na ce ka zama akta ba. Akta ana harbinsa ya tashi, kai kuwa ɗan Ummanka ne, rai ɗaya gare ka. Ka yi dabara, ka yi ladabi, ka nemi na kirki a cikin manyanka, don suna nan kamar yadda suke a kowace sana'a. In ba ka da ƙarfin da za ka kama mai laifi, wannan Allah Ya gani. Amma kada ka sa hannunka a kan cewa wanda bai yi ba shi ya yi. Ka ce ban gano ba, a kira ka rago, a tura ka inda ba wuta ba ruwa. Za mu zo mu gaishe ka a can da kanmu a sama. Ni na ƙara ƙarya a ƙarshen fim, abin da ya biyo baya bai wuce ɗana ya daina yi mini tambaya ba, kuma ka ga har yau ban warke ba. Taka ƙaryar kuwa, mutum za ta ci.

In Allah Ya kawo lokacin aure, ka nemi wadda za ka iya gaya wa abin da ya tsaya maka a rai. Aikin nan zai tara maka abubuwa a ciki, kuma kai ba mai fitarwa ba ne. Sallah kuma kada ka ce sai an tashi aiki.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye. Waccan Juma'ar da muka sauko daga masallaci, muna cin abinci da baffanninka a zaure, ka ce kana da magana, ka faɗi aikin da ka samu. Ka tuna abin da na ce, ni ma na tuna. Na ce, “Wato duk finafinan da ka kalla a wurina, ba wanda ya burge ka sai 'yan leƙen asirin nan masu kwat ɗin fata da ke zuwa ɗaukar mutane.” Aka yi dariya, domin na iya sa mutane dariya. Ka yi shiru. Sai na juya wurin baffanninka na ce, “Kun gani, ya yi shiru don ya san gaskiya na faɗa.” Na cike maka shirunka, na ba ka muryar bos, na kuma rubuta maka ƙarshe, duk a zama ɗaya kafin shinkafa ta huce. Abin da ya ɗauke ni fim guda in yi wa Turawan da ban sani ba, na yi wa ɗana a gaban 'yan'uwana.

Tsoro ne ya sa ni, ba ƙiyayya ba. Na kalli finafinan nan da yawa bayan wancan, kuma abin da ya fi tsaya mini ba kisan ba ne. Yadda nake ganin saurayi mai kirki ya shiga aikin da niyya mai kyau, a hankali a hankali ya koyi kau da kai, shi ke hana ni sukuni. Na ji tsoron a mayar mini da kai haka, ko kuma ka ƙi mayuwa a illata ka. Maimakon in ce ina jin tsoro, sai na yi ba'a, don ita na fi iyawa.

Kwanan baya na tambayi Ummanka ko ka taɓa gaya mata dalilin da ya sa ka zaɓi aikin nan. Ta ce ka gaya mata tun kafin ka cike takarda. Na ce to me ka ce. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, “Malam, kai ne mai fassara a gidan nan, ba ni ba. Ga ɗakinsa can, ka je ka tambaye shi.” Ban je ba. Ina da zato, kuma in na tuna tambayar da ka yi mini a kan tuwo sai zaton ya ƙara ƙarfi. Har na fara tsara yadda za ka faɗe shi, da irin muryar da za ka yi amfani da ita, sai na kama kaina. Ba zan sake sa maka magana a baki ba, ko da mai daɗi ce.

Saboda haka ga ta, ba tare da sharaɗi ba, kuma tun kafin in ji dalilinka. Allah Ya yi maka albarka, Halifa. Ya albarkaci aikinka da kakinka da abincin da za ka ci daga gare shi. Na yarda ka tafi, kuma ina alfahari da kai, ko da yake ba a san uba da faɗin haka ga ɗan fari ba. Abin da na faɗa a zaure ka yafe mini. Baffanninka kuma na riga na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye maganata, tunda a gabansu na yi ta.

Asabar da safe ni zan raka ka tashar Unguwa Uku. Na gaya wa Ɗanlami ba zan hau situdiyo ba, na kuma gaya wa ƙannenka su yi sallama da kai a gida. In mun shiga adaidaita zan maimaita maka albarkar nan da bakina, don ka ji ta da kunnenka. Daga nan zan yi maka tambaya ɗaya, in ce me ya sa ka zaɓi aikin nan, sai in rufe bakina. Na san tafiyar ba ta da nisa. In ba ta ishe ka ba, mu zauna a benci har mota ta cika, ka san ba sa cika da wuri. In ka yi shiru zan jira. In motar ta tashi ba ka ce komai ba, ba zan dawo gida in gaya wa kowa abin da shirun yake nufi ba, zan ci gaba da jira har ranar da ka ga dama.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da abokan aiki na gari da maƙwabta masu amana. Ya sa gaskiya ta yi maka sauƙi a baki, Ya tsare hannunka daga haƙƙin bayinSa, Ya dawo mana da kai da mutuncinka. Ni kuma ka taya ni da addu'a, Allah Ya ba ni ikon riƙe bakina daga ƙofar gida zuwa Unguwa Uku.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka.